"Duniya rawar 'yan mata": ta hau kan Brian Jones kuwa?

Ɗan Fagge: Salamu alaikum jama'a. Ina neman hukuncinku kan karin maganar nan, duniya rawar 'yan mata, na gaba ya koma baya. So nake in ɗora ta kan Brian Jones, makaɗin jita ɗan Ingila. Shi ya haɗa ƙungiyar kiɗa ta Rolling Stones a Landan a 1962, shi ya raɗa mata suna, shi ke yawon nema musu wurin wasa. Ranar 8 ga Yuni 1969 mawaƙin ƙungiyar Mick Jagger da makaɗin jita Keith Richards, tare da mai ganga Charlie Watts, suka same shi har gida suka ce an sallame shi. Ko wata ba a yi ba, ranar 3 ga Yuli, aka tsamo gawarsa daga ruwan ninƙaya na gidan, yana da shekara 27. Ta zauna ko ba ta zauna ba?

Bakatsine: Ta zauna daram. Mai gida ya koma ɗan kallo, me ya rage?

Uwar Biyu: A'a ƙanena, kar ka yi sauri. Ku maza ba ku yi gaɗa ba, mu muka yi. A dandali wadda ke gaba ba tuntuɓe take yi ta koma baya ba. Ta yi nata ne, ta matsa, wata ta shigo, in an zagayo ta sake dawowa. Babu mai laifi a ciki. Shi ya sa ake faɗinta ga attajirin da kasuwa ta juya wa baya, ko wanda aka sauke daga muƙami, don ya san juyi ne ya zo kansa. Mutumin nan naku kuwa an kama shi da kayan maye a 1967, aka sake kama shi a 1968. Ana ɗaukar faifai wani lokaci bai zo ba, in ya zo ma ba ya iya riƙe jita. Ƙungiya na shirin zagayen Amurka, shi kuma shari'o'insa sun tsaya masa a gaban biza. Wanda ya ɗebo da zafi, bakinsa. Ita ce tasa.

Bakatsine: Hajiya, da girmanki, to Richards fa? Shi ma an kama shi a 1967 ɗin, shi da Jagger. Kowa ya san bai bar wa Jones komai ba wajen shaye-shaye. Me ya sa zafin bai ƙona bakinsa ba?

Malamin Firamare: Tambayar nan ita ce maganar. Ni a ganina Jones ya koma baya tun kafin maye ya ci ƙarfinsa. A 1963 suka sami manaja, Andrew Loog Oldham, yaro ne ma bai kai ashirin ba. Ya lura cewa maimaita waƙoƙin baƙaƙen fatan Amurka, wanda shi ne abin da Jones ya kafa ƙungiyar dominsa, ba zai kai su nesa ba. Sai ya matsa wa Jagger da Richards su riƙa tsara nasu. Daga ranar kuɗin mallakar waƙa nasu ne, ta cewa ma tasu ce. Jones gwani ne, duk abin kiɗan da ya ɗauka sai ya yi magana a hannunsa, har sitar ta Indiya, amma ba ya tsara waƙa. Richards ko a buge yake, ba a iya yi ba tare da shi ba. Jones ana iyawa, kuma an yi: Mick Taylor ya hau gurbinsa, kwana biyu da rasuwarsa suka yi wasa a filin Hyde Park na Landan. Don haka ni tawa ita ce, in kiɗa ya canza, rawa ma sai ta canza. Shi bai canza ba.

Na Damagaram: Malam, abin da ke rikita mu shi ne a wajenmu ƙungiya ta uban kiɗa ce. 'Yan amshi ba sa taruwa su kori mai waƙa, sai dai wanda ya ji ya isa ya ɓalle ya kafa tasa. Su can tarayya ce. Ga Jones kuma yana karɓar fam biyar a mako fiye da sauran a ɓoye, wai ladan shugabanci. Da suka gano, sai raini ya shiga.

Uwar Biyu: To kun gani.

Bakatsine: Ban gani ba Hajiya. A 1967 budurwarsa Anita Pallenberg ta bar shi ta koma wa Richards, a tafiyarsu ta Maroko. Kullum kana kallon su biyun a wurin aiki. Wa zai zauna lafiya?

Uwar Biyu: Ka bincika yadda yake mu'amala da ita kafin ka ji tausayinsa, ɗan nan. Dukanta yake yi.

Malamin Firamare: In kuna neman wanda rawar 'yan mata ta hau kansa babu gyara a ƙungiyar nan, Ian Stewart ne, mai fiyano. Tare da Jones suka fara. Oldham ya cire shi daga sahu a 1963 don wai kamanninsa ba su dace da sauran ba, Jones na shugaba bai hana ba. Mutumin bai yi laifin komai ba. Ya koma tuƙa musu mota da kula da kaya, yana buga fiyano a faifansu, har ya rasu a 1985.

Ɗan Fagge: Na gode Malam. Amma ni har yanzu ina ganin ana iya faɗinta kan Jones, tunda mai kallo daga nesa juyin kawai yake gani.

Uwar Biyu: Faɗi abinka ƙanena, ba a hana ka ba. Amma ka haɗa da ta zafin, don yaran da ke karantawa kar su ɗauka layi ne kawai ya zagayo kansa.

Bakatsine: Ni dai fam biyar ɗin nan ce ta tsaya min. A kan fam biyar!