Allunan da ke sa mutane takawa da ƙafa

Idan ana so allunan nuna hanya su sa mutane takawa da ƙafa, babbar shawara ita ce a rubuta mintuna a allo maimakon mita. "Asibiti, minti 5" ya fi jan mutum ya taka da ƙafa a kan "mita 400", alhali nisan ɗaya ne. Sai dai a auna lokacin da tafiyar dattijo, don in allo ya yi ƙarya sau ɗaya, an daina yarda da shi ke nan.

A kafa shi a mahaɗa, inda baƙo ke tsayawa yana waige-waige, rubutu baƙi a kan fari daidai tsayin ido.

Kuskuren da za a guje wa kuwa shi ne allo ya tura mutane hanyar da babu wurin tsallaka titi. A bi ta da ƙafa tukuna kafin a haƙa ramin turke.