John Adams da shari'ar sojojin Ingila: ta yaya ya kuɓutar da su?

Ɗalibar Bwari:
Assalamu alaikum manyanmu. A darasin ɗa'ar aikin lauya an kawo misalin John Adams, shugaban Amurka na biyu, wai ya kare sojojin Ingila da suka harbe mutanen garinsa. Ina son sanin ta wace hanya ya bi a shari'ance, tunda an ga gawa kuma an ga bindiga. Sannan a ina ya koyi aikin, kuma yaya iyalinsa suka kasance?

Barista Kubwa:
Wa'alaikumus salam ƙanwata. Abin ya faru ne a Boston ranar 5 ga Maris, 1770, lokacin garin yana ƙarƙashin mulkin Ingila. Jama'a sun yi wa sojoji ƙawanya suna jifansu da ƙanƙara da sanduna, sojojin suka buɗe wuta, mutum biyar suka rasu. Adams yana da shekara 34, kuma yana cikin masu adawa da harajin Ingila, amma ya karɓi aikin tare da wani lauya, Josiah Quincy.

Abu na farko, ba a yi shari'ar da zafinta ba. Sai da aka shafe wata bakwai, zukata suka ɗan huce. Na biyu, an raba ta gida biyu: kwamandan, Kyaftin Thomas Preston, shi kaɗai a watan Oktoba, sojoji takwas kuma a ƙarshen Nuwamba. Wannan rabon shi ne ƙashin bayan nasarar. Kariyar Preston ita ce bai ba da umarnin harbi ba. Da an haɗa su, mafi sauƙin kariyar sojojin ita ce umarni suka bi, ka ga kowane ɓangare zai tura ɗan'uwansa ga igiya. Shaidu suka saɓa kan wanda ya ce a harba, aka sallami Preston.

Da aka zo kan sojojin sai Adams ya tsaya kan kare kai. Duk mutum goma sha biyun da ke yanke laifi ko rashinsa an ɗauko su ne daga wajen Boston, ba waɗanda suka bi gawa zuwa maƙabarta ba. Sai kuma shaidar Patrick Carr, ɗaya daga cikin mamatan, wanda ya yi kwanaki yana jinya. Likitansa, John Jeffries, ya shaida wa kotu cewa Carr ya faɗa masa kafin ya cika cewa an tsokani sojojin matuƙa, kuma yana ganin kare kansu suka yi. Kwatanta wannan da sashe na 40 na Dokar Shaida ta Najeriya ta 2011 kan furucin wanda ke bakin mutuwa, za ki ga tushen ɗaya ne.

Sakamako: shida suka fita, biyu, Hugh Montgomery da Matthew Kilroy, aka same su da kisan da ba na ganganci ba. A kansu ne kawai shaidu suka tabbatar da harbin.

Malam Ɗanjuma Gwagwalada:
Barista ya yi bayani, Allah ya ƙara basira. Bari in cike inda ya tsaya, don mutane na ɗauka an ɗaure waɗannan biyun. Ba a ɗaure su ba. An nema musu wata tsohuwar alfarma ta dokar Ingila wadda asalinta ta malaman coci ce, daga baya ta game duk wanda laifinsa na farko ne. Sai aka yi musu lalas da ƙarfe mai zafi a babban yatsa aka sake su. Amfanin tabon shi ne kada mutum ya sake neman alfarmar karo na biyu. Kuma ba ta aiki a kan kisan ganganci, shi ya sa duk ƙarfin Adams ya tafi wajen nuna tsokana. Bambancin da ke tsakanin sashe na 221 (kisan da hukuncinsa kisa ne) da na 222 (kisan da hukuncinsa ba kisa ba) na kundin laifuka, Penal Code, da ake aiki da shi a nan Abuja ke nan.

Batun karatu kuwa, babu makarantar lauyoyi a lokacin. An haife shi a Braintree a 1735, mahaifinsa manomi ne mai ɗinkin takalma. Ya gama Harvard a 1755, ya koyar a Worcester, ya zauna shekara biyu a ofishin wani lauya, James Putnam, yana karatu da kwafar takardu. An karɓe shi lauya a 1758. Shari'arsa ta farko kan dawakin da suka shiga gonar maƙwabci ce, kuma ta faɗi tun kafin a taɓa gundarinta, saboda ya yi kuskure wajen rubuta takardar ƙarar. Wannan ya kamata duk ɗalibi ya riƙe: takarda mai naƙasa takan kashe ƙara mai gaskiya.

Hajiya Lauya:
Ni inda nake jan hankalinki, 'yata, kada a ba ki labarin rabi. Wannan mutumin da ya tsaya wa maƙiyinsa a kotu, ya tsara kundin mulkin Massachusetts na 1780 da ake aiki da shi har yau, shi ne kuma ya sa hannu a dokokin 1798 da aka ɗaure 'yan jarida da su saboda sukar gwamnati. A ganina wannan tabo ne babba, kuma yana cikin abin da ya sa Thomas Jefferson ya kayar da shi a zaɓen 1800. Kafin ya sauka ya naɗa John Marshall alƙalin alƙalai.

Gida kuwa matarsa Abigail ce ta riƙe shi. Sun yi aure a 1764. Shekarun da ya yi a Philadelphia da Faransa da Holan, ita ke kula da gona da kuɗi da tarbiyyar yara, wasiƙun da suka yi wa juna sun haura dubu. Ba su taɓa mallakar bawa ba. Amma nisan uba ya bar gurbi: ɗansu Charles, wanda shi ma lauya ne, giya ta lalata shi, ya rasu a 1800 yana da shekara 30. Babbar 'yarsu kansar mama ta kashe ta a 1813, Abigail ta bi ta a 1818. Ɗansu John Quincy ne ya gaji aikin, ya zama shugaban ƙasa a 1825 mahaifinsa yana raye, sannan a 1841 ya tsaya gaban Kotun Ƙoli ya kare 'yan Afirkan da aka kamo bayi a jirgin ruwan Amistad har aka 'yanta su. Adams ya rasu ranar 4 ga Yuli, 1826, rana ɗaya da Jefferson.

Barista Kubwa:
Hajiya, gaskiya ne. Ƙari ɗaya ga ɗalibarmu: lauya ɗaya ya kare Preston da sojojinsa, alhali bukatunsu na iya cin karo, yau abin tuhuma ne a ƙa'idar aikinmu. In tambayar ta fito a jarrabawa, ki ambaci wannan tare da sashe na 36 na kundin tsarin mulkin Najeriya na 1999 kan 'yancin wanda ake tuhuma ya samu lauyan da ya zaɓa.