Neman shawara kan sayen tarampolin na yara a gida

Maman Hadiza:
Assalamu alaikum 'yan uwa, dan Allah ina neman shawarar wanda ya san kan abin nan da yara ke tsalle a kai, tarampolin, wasu na ce masa gadon tsalle. Yarana uku, babbar shekara 11, na tsakiya 8, autan 4. Tun da muka je Yamai bakansin da ya wuce suka gan shi gidan yayata ba su da wata magana sai tasa, ni ma kuma ina so wlh don da an tashi lakwal in ba waya ba to tele, in ka hana su sai su fice waje ka yi ta nema har magariba. Maigida ya yarda, ƙanensa zai je Kano ƙarshen wata sai ya taho mana da shi tunda na zaga Kasuwar Dole ta nan Damagaram ban dace ba. Tsakar gidanmu rabi siminti ne rabi yashi, akwai dogon yaro guda a gefe. Wane girma ya kamata in ce a sayo, kuma ragar nan da ake kewaye shi da ita dole ce ko ado ce? Mi kuma ake haɗawa da shi?

Abban Sadik:
Wa alaikumus salam Hajiya. Namu ya shekara biyu da wani abu a nan Birni, bari in faɗa miki abin da na gani.

Kafin komi ki samu metir ki auna filin. A Kano da ƙafa za su yi wa ƙanen maigidan magana ba da mita ba, to ki rubuta masa a takarda: ƙafa 8 shi ne mita 2 da santi 44, ƙafa 10 mita 3 da santi 5, ƙafa 12 kuma mita 3 da santi 66. Wannan awon na ƙarfen da'irar ne daga baki zuwa baki, shimfiɗar da ake takawa ta fi haka ƙanƙanta da kusan rabin mita, shi ya sa mai ƙafa 6 da kake gani a hoto kamar babba in an kafa shi sai ka ga bai wuce na 'yan ƙanana ba. Ga 'yar shekara 11 ni ƙafa 10 zan ce. Amma sai in filin ya ɗauka, don ana so a bar wajen mita 2 fili ta kowane gefe, ba bango ba randa ba turmi, sama kuma babu reshe babu wayar kuran babu igiyar shanya.

Kar ki yarda a ɗora shi kan siminti. Gefen yashin nan shi ne wurinsa, a baje shi ya daidaita, a tsince duwatsu da karangiya.

Raga ba ado ba ce, kar ma ya ɗauko wanda ba ta. Kuma iri biyu ne, akwai wadda ake ɗaurawa ta ciki, wato sifirin ɗin da ke riƙe shimfiɗar jikin ƙarfe suna waje yaro ba ya kai gare su, akwai wadda ke kewaye ta bakin ƙarfe sifirin suna ciki tare da yaro. Ta cikin ta fi. Sannan katifar da ke rufe sifirin ya matsa ta da hannu ya ji kaurin soson, wasu leda ce kawai da ɗan soso kamar takarda. Ƙarfen ya zama galbanize, wato mai rufin da ke hana tsatsa, ya ɗaga ƙafar tarampolin ɗin ɗaya ya ji nauyi. Ya duba jikin kwali kilo nawa yake ɗauka, irin na ƙafa 10 yawanci tsakanin 100 ne zuwa 150, in kuma ya ga an rubuta EN 71-14 to ƙa'idar Turai ce ta irin waɗannan na gida.

Abin da ba wanda ya gaya min sai da na gani da idona shi ne rana. Ranar Damagaram ta watan huɗu da na biyar ba ta barin roba. Tamu ragar ba ta cika shekara biyu ba, wata rana da yamma na sa yatsa na ɗan ja sai zaren ya tsinke kamar busasshen ganye, alhali daga nesa kalau take. Katifar gefen ma duk ta tsattsage soso yana zubowa gari gari. Shimfiɗar kuma baƙa ce, da azahar ba a iya taka ta. Don haka ki sa a haɗo da murfinsa ko ki samu tampol mai kauri, kuma ya tambaya ko suna da raga da sifirin na canji daidai girman, in akwai ya riƙo tun yanzu.

Tanti Rabi:
'Yar uwa duk abin da Abban Sadik ya faɗa haka ne, amma ni hankalina yana kan autan nan mai shekara 4. Dan Allah kar ya hau, balle tare da yayyensa.

Ɗan ƙanwata ne ya sa nake wannan magana, shekararsa 3 da rabi lokacin. Bai faɗo ƙasa ba fa, ragar na nan zif a rufe, muna zaune kan tabarma muna kallonsu. Yayansa ne ya diro daidai lokacin da shi ma yake sauka, shimfiɗar ta taso da ƙarfi ta doki ƙafarsa, sai kawai ya zauna yana kuka ya ƙi tashi. Ba jini ba kumburi sosai, har muka ce targaɗe ne a kira mai ɗori, Allah ya sa ubansa ya ce a'a a je likita. Da aka yi radiyo, wato hoton ƙashi, ƙashin ƙwauri ne ya tsage can ƙasan gwiwa. Wajen wata guda yaron nan ana ɗaukarsa ana ajiyewa, uwar ta rame ta fi shi.

Daga baya na bi na karanta, ashe sanannen abu ne. Mafi yawan raunukan tarampolin suna faruwa ne in yara sun fi ɗaya a kai, kuma ƙaramin shi ke shan wuya. Likitocin ƙashi na Amurka sun ce yaron da bai kai shekara 6 ba kar ya hau, ƙungiyar likitocin yara ta can kuma a 2012 cewa ta yi gara ma kar a ajiye shi a gida. Ban ce kar ki saya ba, amma ki sani tun yanzu ke ce mai gadi. Ɗaya bayan ɗaya, ba alkafura ko kaɗan don wuya ake karyewa, ba mai shiga ƙarƙashi in ana tsalle. Kuma ki yi tunanin 'ya'yan maƙwabta, kin san halinmu, ranar da aka ji labari gidanki ya cika kuma kunya ba za ta bar ki ki kori ɗan wani ba.

Sani mai walda:
Hajiya ki sa a kafe shi da ƙasa. Iskar farkon damina in ta taso ragar nan kama ta take kamar tabarma a shanya, ta ɗaga shi gaba ɗaya, an taɓa kawo min ɗaya ya tsallake katanga ƙarfen ya lanƙwashe, in ya lanƙwashe kuma ko an miƙe ba ya komawa daidai. Turakun da ke zuwa cikin kwali gajeru ne, yashi ba ya riƙe su. A lanƙwasa rodi mai tsawo kamar ƙugiya a buga kan kowace ƙafa, in hadari ya haɗu a sauke ragar. Wajen haɗawa akwai ɗan ƙarfe mai ƙugiya na jan sifirin, da shi ake ja ba da hannu ba, kuma ana sa ɗaya nan ɗaya can daura da shi, in kika bi layi ɗaya na ƙarshen ba za su shiga ba. In da awaki a gidan a raba su da shi, suna cin katifar.

Maman Hadiza:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Tanti maganarki ta shige ni, Allah ya ƙara wa yaron lafiya. Na karanta wa maigida mun tsaya kan autan ba zai hau ba sai ya ƙara girma, tsanin ma ba za mu saya ba don kar ya samu hanyar hawa in ido ya ɗauke, manyan za su iya hawa haka nan. Zif ɗin kuma zan sa masa ɗan kwaɗo in riƙe makulli.

Na auna gefen yashin da yamman nan, mita 7 ne da 6 da rabi, kenan ƙafa 10 zai ɗan matse ta gefe ɗaya, muna ganin ƙafa 8 za mu ce. Reshen dogon yaron guda biyu sun leƙo wurin, gobe za a sare su. Malam Sani rodin nan tsawon nawa zan ce a yanko, kuma mai kauri nawa?