Sauke injin tsohuwar a-kori-kura: a bar kwambata a giya ko a zaro ta?

Mai Chevrolet:
Assalamu alaikum, iyayen gida. Zan sauke injin a-kori-kurata, Chevrolet ƙirar 1979 mai giya otomatik TH350. Giyar lafiyarta ƙalau, ba na son abin da zai taɓa ta. Yaron garejinmu ya ce mu zaro injin haɗe da kwambata, wato tulun man nan da ke tsakanin inji da giya yana miƙa mata ƙarfin injin, sai mu kwance ta a ƙasa inda hannu ke kaiwa. Hankalina bai kwanta ba. Don Allah wanda ya taɓa yin aikin ya faɗa mana yadda ya yi.

Tsohon Bakanike:
Wa alaikumus salam. Ɗana, kwambata kayan giya ce, a can za ka bar ta. Ni da cire kan batir nake farawa, sannan in kwance murfin kwanon da ke ƙarƙashin bakin giya. Nan za ka ga fulawil, faifan ƙarfen da ke bayan injin, siririn nan na otomatik, da noti uku da suka ɗaure kwambata a jikinsa. Yaro ya riƙa juya injin da sifana ta notin fuli na gaba, notin kwambatar da ya leƙo ƙasa ka kwance shi. Ka ɗiga fenti a kan kwambata da fulawil tukuna don su koma yadda suka zauna. Idan notin ukun sun fita, tura kwambatar baya da hannu, za ka ji ta matsa kaɗan. In ta ƙi, tsatsa ce ta kama hancinta a ramin karanshaf, babbar sandar da ke juyawa cikin injin, sai ka banƙare ta a hankali. Kuma ka tokare giya da jak da katako, domin injin ne ke riƙe da gabanta.

Mai Ford:
Baba ya gama magana. Tawa Ford ce mai giya C6, ita kuma ƙafafu huɗu ne masu zare a jikin kwambatar, suna ratsa fulawil a ɗaure su ta gaba. Tana da notin tsiyaye mai, na zubar da man tun kafin in fara, ƙasa ba ta ɓaci ba. Injin na fita na gitta sifana a bakin giya na ɗaure ta a ramin noti ɗaya, don kada kwambatar ta sulluɓo.

Mai Gyaran Giya:
Malam, saukewa ba ita ce ke kawo mini aiki ba, mayarwa ce. An taɓa jawo mini wata Toyota mai giya A340, mai noti shida. Sun bar kwambata a jikin injin, suka cusa ta haka nan. Da bakin giya ya ƙi haɗuwa, ya rage kamar kaurin yatsa, sai suka ja shi da noti har ya manne. An tayar da mota, babu gaba babu baya. Da na buɗe famfon man giya, haƙoransa a farfashe, garin ƙarfe ya bi mai ya shiga ko'ina. Mai motar da ita yake ciyar da gidansa, na ji masa ciwo ƙwarai.

Kwambata hawa uku take shiga: haƙoran sandar giya, haƙoran bututun da ke kewaye da sandar, sai kunnuwan famfo. Ka zuba mata jan man giya, ka shafa a wuyanta, ka riƙe ta da hannu biyu kana juyawa kana turawa har ka ji ta faɗa ciki a karo na ƙarshe. Tana da nauyi, kada ka bari ta rataya a kan sil, robar da ke hana mai yoyo. Ni da zarar injin ya fita, kafin kwambata ta motsa, nake gitta rula a bakin giya in auna zurfinta, in rubuta a bango. Ranar mayarwa awon nan nake nema.

Direban Itace:
Oga, ni injina ya daskare ne, ko motsi ba ya yi, noti ɗaya kawai hannu ya kai. Dole muka fito da shi tare da kwambatar. Mun cire lagireto don samun fili, muka ja injin a miƙe sai da wuyan kwambata ya fita gaba ɗaya, sannan muka ɗaga. Mai ya kwarara sosai, a tanadi babban daro. Sil na gaba kuwa sabo muka sa.

Mai Chevrolet:
Allah ya saka da alheri. Nawa yana juyawa, don haka a giya zan bar ta. Oga mai gyaran giya, yaya zan gane ta zauna daidai bayan na haɗa?

Mai Gyaran Giya:
Injin da giya su haɗu da kansu a kan fegi biyun da ke daidaita bakinsu, ba da ƙarfin noti ba. Sannan ka zura hannu ta ƙasa. Ya kamata kwambata ta juya sakayau, da rata ta milimita 3 zuwa 5 tsakaninta da fulawil, kai ne za ka jawo ta gaba. In ka same ta a matse, raba su ka sake zaunar da ita. Ka kama notin uku da hannu duka kafin ka ɗaure ko ɗaya. Tunda injin na waje, canza sil ɗin yanzu, kuma ka duba fulawil ko ya tsage a kewayen notin karanshaf.