Me ya sa kayan asibiti suka yanke lokacin korona, an gyara kuwa?

Malamar Jinya:

Assalamu alaikum 'yan uwa. Dan Allah ina da tambaya ga waɗanda suka san harkar sayo kayan asibiti ko suke aiki a kamfanin magani, abin ya daɗe yana cina a rai. Ni ma'aikaciyar jinya ce, a 2020 ina cikin waɗanda aka tura ɓangaren masu korona, kuma har yau ban manta yadda muka yi da takunkumin N95 ba, abin da aka koya mana ka sa sau ɗaya ka yar, sai ga shi kowa an ba shi guda ɗaya da ambulan ya rubuta sunansa a jiki, in ka tashi aiki ka saka a ciki, gobe ka dawo ka ɗauka, har igiyar ta saki mu ƙulla ta ta ƙeya. Safar hannu kuwa ƙirga mana ake yi. Mai kula da sito ya rantse mana kuɗi na nan, oda ma an bayar tuntuni, kayan ne babu. To ta yaya duniya gaba ɗaya za ta rasa takunkumi, abin da bai wuce tafin hannu ba? Me ya hana kamfanoni su ƙara yawan abin da suke yi? Kuma in wata annobar ta zo, Allah ya kiyaye, haka za mu sake yi?

Ɗan Sito:

Wa alaikumus salam Sista, Allah ya saka muku da alheri, kun ga tashin hankali. Wlh mutumin sitonku gaskiya ya faɗa miki, ni ma aikina kenan kuma a watannin nan ko barcin kirki ba na yi. Kafin korona kusan rabin takunkumin duniya a China ake yin shi, can kuma cutar ta fara, ga shi ta faɗo daidai hutun sabuwar shekararsu ma'aikata sun tafi gida aka sa kulle, kuma su ma suna buƙatar kayan. Safar hannu ta roba kuwa a lokacin kusan kashi biyu cikin uku daga Malesiya take fitowa, a Nuwamba 2020 sai da Top Glove, wanda ya fi kowa girma a harkar, ya rufe masana'antu da dama saboda dubban ma'aikatansa sun kamu.

Sai kuma namu laifin. Shekara da shekaru an saba wa asibitoci da kar a tara kaya, wai kuɗi ne kwance a sito, ka yi oda ta sati biyu ko wata ɗaya mota ta kawo, in ya kusa ƙarewa ka sake. Tsarin yana tafiya lafiya lau muddin hanya a buɗe take. A farkon Maris 2020 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce ana buƙatar takunkumi miliyan 89 kowane wata kuma sai kamfanoni sun ƙara kashi 40 cikin ɗari, a daidai lokacin ne ƙasashe suka shiga hana fitar da nasu, jiragen fasinja kuma suka tsaya, mutane ba su san kusan rabin kayan da ake ɗauka ta sama a cikin jirgin fasinja suke tafiya ba, ƙarƙashin kujeru. Da tsoro ya shigo kowa sai ya ninka odarsa, mai buƙatar kwali goma ya nemi hamsin a wurin dillalai uku ko Allah zai sa ɗaya ya kawo, kamfani ya rasa gane buƙatar gaske. 'Yan damfara ma suka samu ƙofa, na taɓa buɗe kwali an buga N95 a jiki, ina jan igiyar ta tsinke a hannuna.

Injiniyan Masana'anta:

Bari in ɗan ƙara a kan me ya hana su ƙara. Hajiya ɗinkin takunkumin ba shi ne wahala ba, akwai wani shafi a tsakiya shi ne yake tace ƙwayar cuta, roba ce ake narkawa a hura ta da iska mai zafi ta zama zare siriri da ya fi gashin kai sirantaka nesa ba kusa ba, sannan a sa masa cajin lantarki yadda zai riƙa kama ƙananan abubuwa. Injin da ke yin wannan kamfanoni kaɗan ne ke ƙera shi, irin su Reifenhäuser na Jamus, kuma watanni ake yi kafin a haɗa guda ɗaya a kafa shi. Ko kin tara tela dubu in babu wannan shafin ƙyalle kawai suka ɗinka.

Haka tsinken gwaji da ake sa wa a hanci, manyan masu yin shi a lokacin biyu ne, Copan a Italiya da Puritan a Amurka, shi Copan ɗin kuma a yankin Lombardy yake inda cutar ta fi yin ɓarna a Turai a farko. Oksijin ma da ya yanke a Indiya a Afrilu da Mayun 2021, babbar matsalar ɗauko shi ce, masana'antun suna nesa da biranen da ake mutuwa kuma tankokin da ke iya ɗaukar shi a ruwansa mai tsananin sanyi ba su da yawa, sai da aka koma ɗora tankokin a jirgin ƙasa.

Mai Haɗa Magani:

Ni ta ɓangaren magani abin ya fi ɗaga min hankali. Ka duba kwalin magani ka ga an rubuta Indiya, amma ita Indiyar kusan kashi 70 cikin ɗari na sinadaran da take haɗawa da su daga China take sayowa, shi ya sa a Maris 2020 ta taƙaita fitar da wasu magunguna da sinadarai 26, har da farasitamol. Rigakafi kuwa ai mun gani da idonmu. Shirin COVAX, wato shirin raba wa ƙasashen duniya rigakafin korona, ya dogara sosai da kamfanin Serum Institute da ke Pune a Indiya, Ghana ta fara karɓa ranar 24 ga Fabrairu 2021 ana ta murna, ba a daɗe ba cutar ta yi tsanani a Indiya aka tsayar da fitarwa watanni. Da tallafin ya zo daga baya wasu alluran saura makonni su lalace, Malawi ta ƙona kusan dubu 20, Najeriya ta lalata sama da miliyan ɗaya a Disamba 2021, mutane suna ta zagin ma'aikata alhali ba yadda za ka raba abu mai buƙatar firji a ɗan wannan lokacin. Afirka kusan kashi 99 na rigakafinta shigo da shi take yi. Ni dai ra'ayina in ba kai ke yin abinka ba, a ƙarshen layi za ka tsaya ko da kuɗinka a hannu, shi ya sa nake goyon bayan burin da Tarayyar Afirka ta sa na yin kashi 60 a cikin nahiyar nan da 2040.

Ɗan Sito:

Yallaɓai na yarda da kai amma da saura. Gina masana'anta ba shi ne ƙarshe ba, wa zai saya? Kamfanin magani na Aspen a Afirka ta Kudu ya samu izinin yin rigakafin Johnson & Johnson da sunansa, a 2022 kamfanin ya fito ya ce oda ba ta zo ba. Masu yin takunkumi da suka buɗe a ƙasashe daban daban ma da yawa sun rufe, don da ƙura ta lafa mu masu saye muka koma wa mai araha, ni kaina takardar da ke gabana cewa take in ɗauki mafi ƙarancin farashi. In gwamnati ba ta yi wa kamfanin gida alkawarin saye na shekaru ba, ba zai kai annoba ta gaba da rai ba. Kuma Pfizer da kansu sun ce allurarsu tana buƙatar abubuwa 280 daga ƙasashe 19, to wa zai yi duka a gida?

Tara kaya ma yana da nasa, Amurka tana da rumbun ƙasa amma takunkumin da aka kwasa lokacin murar aladu a 2009 ba a mayar da yawancinsa ba, wasu da suka rage robar igiyarsu ta mutu. Rumbu sai ana juya shi, na tsoho ya fita zuwa asibitoci sabo ya shiga, Finland ta daɗe da rumbunta kuma ya ba ta ɗan numfashi a farko. Mu yanzu abin da muka canza, duk kaya mai muhimmanci muna da dillali biyu, kuma ina tambayarsu a wace masana'anta aka yi, don sau da yawa dillalai uku duk wuri ɗaya suke ɗaukowa.

Malamar Jinya:

Na gode ƙwarai, Allah ya ƙara ilimi, wlh maganar shafin tsakiyar nan ban taɓa ji ba. Malam Ɗan Sito dan Allah kayan wata nawa kuke ajewa yanzu, kuma wa ke duba ranar lalacewa, ku ne ko mu na ɓangare? Muna da taro da shugabar ma'aikatan jinya sati mai zuwa, ina so in tayar da maganar, don kwalayen N95 da aka kawo mana a ƙarshen 2021 suna nan a saman kabad ba wanda ya taɓa buɗe su.