Wane keke zai iya yashin Damagaram?

Jiya a rumfar mai gyaran keke kusa da Kasuwar Dole aka yi ta gardama kan keken da zai kai mutum aiki cikin gari, ranar Lahadi kuma ya kai shi kasuwar Mirya. Kusan kowa keken ƙarfe ya zaɓa, ba na alminiyam ba. Dalili ɗaya ne: in ya tsage, mai walda zai ɗinke maka nan take, alminiyam kuwa sai ka sha yawo.

Wani dattijo ya ce a nemi na hannu mai tambarin Cr-Mo ko 4130, wato wani irin ƙarfe da ya fi ƙarfen gama-gari rashin nauyi. Shi da kansa ya kifa wani keke, ya shafa yatsa ƙarƙashin wuya inda aka haɗa bututu. "Yaro, in fenti ya kumbura a nan, bar musu kayansu." A gwada sandar sirdi ma, in tsatsa ta kama ta, wahala ce.

An fi daɗewa kan taya. Inci 26, mai faɗi, don siririya nutsewa take cikin yashi, kuma kayan gyaran inci 26 ba sa wuyar samu. Ni dai na ƙara da ramukan ɗaura kariya a baya, saboda buhun gero.