Me ya sa ƴan Holan suka mamaye tseren ƙanƙara?

Ɗan Ader, Tawa:
Assalamu alaikum, jama'ar wannan zaure. Kwanakin baya ina kallon wasannin Olamfik na hunturu da aka yi a Sochi a 2014 tare da yarana, sai muka ga a tseren ƙanƙara (wato sulɓi a kan ƙanƙara da takalmi mai sillen ƙarfe a ƙasansa) na mita 5000 na maza, mutum ukun da suka hau dandamalin karɓar lambobi duk ƴan Holan ne. Da na bincika, sai na tarar a wannan shekara sun kwashe lambobi 23 cikin 36 na tseren ƙanƙara a dogon fili. Ƙasar nan ba ta da duwatsu, kuma sanyinta bai kai na Norway ko Rasha ba. Ta yaya ɗan wasa yake tasowa a can har ya kai wannan matsayi?

Malamar Tarihi, Yamai:
Wa alaikumus salam, Malam. Wannan wasa ba ya bukatar dutse, shimfiɗaɗɗen ruwa yake bukata, kuma Holan cike take da magudanan ruwa da mutane suka haƙa, waɗanda a da idan sun daskare ake bi ta kansu daga gari zuwa gari. Hukumar wasan ta ƙasar, KNSB, tun 1882 aka kafa ta. Akwai kuma tseren garuruwa goma sha ɗaya na lardin Friesland, mai tsawon kusan kilomita 200, wanda rabon da a yi shi tun 4 ga Janairu 1997, saboda ƙanƙarar ba ta ƙara yin kaurin da ake so ba. Yanzu a rufaffun filaye ake horo, musamman Thialf da ke garin Heerenveen. Yaro yana tasowa yana jin sunan Ard Schenk, wanda ya ci zinariya uku a Sapporo a 1972, shekarar da namu Issaka Daboré ya samo tagulla a dambe a Munich.

Tsohon Ɗan Kokowa, Yamai:
Hajiya Malama ta faɗi gaskiya, sai dai a ganina tarihi kaɗai bai isa amsa ba, domin Norway ma tana da nata tarihin. Abin da yake gasa ɗan wasan Holan shi ne tankaɗe da rairayar da ake yi a gida. A Olamfik, ƙasa ba ta wuce mutum uku a kowane tsere, alhali Holan takan sami biyar ko shida da kowannensu zai iya cin lamba. Don haka ake shirya gasar fidda gwani a ƙarshen Disamba, kuma wanda ƙafarsa ta zame a ranar, sai ya jira shekara huɗu. Wanda ya san yadda jiha take tace ƴan kokowarta kafin gasar takobi zai gane abin da nake nufi, domin wani lokaci karon gida ya fi na babban fili zafi.

Kjeld Nuis bai sami gurbi ba a 2010 da 2014, amma da ya samu a 2018 sai ya ci zinariya biyu, a mita 1000 da 1500. Wasu kuwa barin ƙasar suke yi. Bart Veldkamp, wanda ya ci wa Holan zinariya a 1992, ya koma Beljiyam ya samo mata tagulla a 1998. Ted-Jan Bloemen ya rasa gurbin Sochi, ya koma Kanada, ƙasar da aka haifi mahaifinsa, sannan a 2018 ya ci zinariyar mita 10,000 a gaban tsofaffin abokan gudunsa.

Ɗan Ader, Tawa:
Na gode, Baba. To, a irin wannan matsi, akwai wanda ya daɗe yana jan zarensa?

Tsohon Ɗan Kokowa, Yamai:
Akwai biyu, ɗana, kuma dukansu haihuwar 1986 ne. Ireen Wüst ta ci zinariyarta ta farko a Turin a 2006 tana da shekara 19, sannan ta ci gaba da cin zinariya a kowace Olamfik har zuwa ta Beijin a 2022, wato sau biyar a jere, jimillar lambobinta 13. Ni wannan ya fi burge ni, tun da kowane karo sai ta fara tsallake ƴan gida.

Na biyun shi ne Sven Kramer, ɗan Heerenveen, wanda ya ci mita 5000 a 2010 da 2014 da 2018, ya kuma zama zakaran duniya a gasar da ake haɗa tsere huɗu har sau tara. Amma labarinsa da aka fi tunawa na mita 10,000 ne a Vancouver a 2010. A wannan wasa mutum biyu ne suke gudu, suna musayar layin ciki da na waje a kowane zagaye na mita 400. Kramer yana kan gaba da tazara sai mai horar da shi, Gerard Kemkers, ya yi kuskure ya nuna masa layin ciki. Ya bi umarnin, ya gama da lokaci mafi sauri, aka soke gudunsa, zinariyar ta tafi ga Lee Seung-hoon na Koriya ta Kudu. A 2014 ya sake nema, ɗan ƙasarsu Jorrit Bergsma ya sha gabansa. A 2018, ranar da Bloemen ya ci, Kramer na shida ya zo, kuma har ya yi ritaya a 2022 wannan zinariya ba ta shiga hannunsa ba.